Bayan Naushin Ƙarshe

Litinin

Koci ya haɗa ni da sabon abokin gwaji. Mahauci ne daga kwata, ya girme ni, ya fi ni nauyi da abin da ya haura kilo 15, kuma kafin ya fara sa safar hannu ya daɗe yana ɗaure hannu a damben gargajiya. Yaya nake ce masa. A gasa ba za a taɓa haɗa mu ba, tunda damben zamani aji-aji ne bisa nauyi, amma Koci ya ce wanda ya saba da babba ba ya tsoron sa'ansa. Mun yi turmi uku, minti uku-uku. Da zarar na jera masa naushi na saki na ƙarshe, sai in ji shi a jikina: hannu a ƙeyata, ƙirji a kafaɗata, ya sakar min nauyinsa kaf. A turmi na uku ƙafafuna rawa suke yi, alhali ko naushi ɗaya na kirki bai same ni ba.

Talata

Yau babu gwaji. Koci ya riƙe min faifan hannu, ya ce in jero: hagu, hagu, dama. Na jero. Kafin in ɗago ya riga ya cafke wuyana.

"Ɗana, ina ƙafarka ta baya?"

Ta ɗaga. Idan mutum ya rufe jeri da dama, nauyinsa duk yana komawa ƙafar gaba, kansa ya wuce gwiwa, shi da kansa ya kai wa mai riƙo wuyansa. Maganin da ya ba ni shi ne in rufe da hagu, ko ta gefe ko zunguri a miƙe. Hagun tana mayar da nauyi baya, tana dawo da kafaɗa gaban haɓa. Daga nan sai ƙafa: a dogara a tsinin ƙafar gaba, a ja ta baya a juya gefe. Ya ce a wurinsa jerin naushi bai ƙare ba sai an bar wurin da aka yi shi. Ko a buhu ya hana ni tsayawa in kalli abin da na yi. In naushi ya ƙare ban gusa ba, sai ya ce a sake daga farko.

Laraba

Gudu da asuba, tsallen igiya da yamma. Bayan isha'i na zauna da waya ina kallon tsofaffin wasanni. Karawar Tyson Fury da Deontay Wilder ta biyu, a watan Fabrairun 2020, ita ta fi tsaya min a rai. Fury ya hau sikeli da fam 273, Wilder da 231. Duk wanda ya lura zai ga yadda Fury yake naushi ya kuma kwanta masa, har alƙalin wasa ya zare masa maki ɗaya a turmi na biyar. Makin bai ceci Wilder ba. Ƙafafunsa sun riga sun mutu, a turmi na bakwai mutanensa suka jefa tawul. Muhammad Ali ma a Kinshasa, 1974, ya yi ta janyo ƙeyar George Foreman ƙasa kafin ya kayar da shi a turmi na takwas.

Ban yarda da masu cewa riƙo ragwanci ba ne. Dabara ce, kuma mai nauyi yana da hujjar amfani da abin da Allah ya ba shi. Wanda ya zauna jiran alƙali ya raba shi da ita zai sha wuya kafin a raba.

Alhamis

Wannan ita ce ranar da ta fi amfani. Koci ya ce kada kowa ya yi naushi, mu sarƙe kawai, Yaya ya danna ni yadda ya ga dama.

Abu na farko kai ne. Idan kaina ya shiga ƙarƙashin hamatarsa, bayana ya lanƙwashe, to na zama ɗan dako, shi yana hutawa ni ina ɗauke da shi. Sai Koci ya kama kaina ya manna goshina a ƙirjin Yaya, daidai ƙasan haɓarsa, ya daki bayana ya ce in miƙe shi, gwiwoyi su ɗan durƙusa. Nan take na ji nauyin ya sauka daga ƙuguna ya bi ƙasa. Ba a tunkuya da kai, laifi ne, ana ajiye shi ne kawai a inda ba za a danne shi ba.

Sai hannuwa. Wanda hannunsa yake ciki shi ke da iko. Na riƙa zura safata tsakanin hannunsa da haƙarƙarinsa, ko in ɗora ta a damtsensa in tare naushin tun bai taso ba. Yaya yana jin haka sai ya ƙara turowa, ni kuma raina ya ba ni in tura shi.

"Kada ka yi kokawa da shi," in ji Koci. "Yana turowa, ka ba shi hanya."

Na janye ƙafar dama, na ja gwiwar hannunsa, na juya. Yaya ya wuce ni ya faɗa igiya da ƙirji. Ya juyo yana haki yana dariya, ya ce, "Ƙane, sake yi min wannan." Mun yi ta maimaitawa har rigata ta jiƙe sharkaf. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne numfashi. Jiki yana son ya ƙanƙame, alhali a cikin riƙo ake sakin kafaɗa a ja iska ta hanci.

Koci ya ƙara da cewa in alƙali ya ce a rabu, a ja da baya hannu a sama. Mutane da yawa a daidai nan ake samunsu.

Juma'a

Hutu. Bayan la'asar na leƙa gidan dambe. Ina kallon yadda suke miƙa hannun da ba a ɗaure ba, buɗe, suna tarewa da shi suna auna tazara, na ɗauren kuma yana baya yana jiran kisa. Na gane daga ina Yaya ya samo wannan hagun da take laluben wuya kafin komai.

Asabar

Gwaji kuma. A turmin farko na rage jerin zuwa naushi biyu ko uku, in rufe da hagu in fice ta gefe. Ya riƙa kamo iska. A na biyu ya gano ni, ya fara tare min hanyar da nake juyawa. Da ya sunkuyo da hannuwa a buɗe zai cafke ni, na ɗago masa gajeriyar dama daga ƙasa ta sami haɓa. Irinta ce Anthony Joshua ya girgiza Wladimir Klitschko da ita a Wembley a 2017, tawa dai ta gwaji ce, ba ƙarfi. Ya tsaya ya gyaɗa kai.

A turmi na uku ya kai ni kusurwa. Can babu filin juyawa, igiya a hagu igiya a dama, ya danne ni son ransa har aka buga ƙararrawa. Ina kwance safa Koci ya ce ranar Litinin daga kusurwa za mu fara, Yaya kuma ya zo da wuri.