Alat Bai Shigo Ba: Daga Aliero Zuwa Maiyama

Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi kudu, in ya wuce Tambuwal ya shiga jihar Kebbi, hancinsa ne zai fara sanar da shi ya kusa Aliero. Ni Bakano ne, albasar Aliero a kasuwar 'Yankaba na saba ganinta bayan ta sha hanya ta yi laushi. A gidanta kuwa ga ta nan jibge, ja wur, ana zuba ta a buhu ana ɗinkewa, manyan motoci sun jeru suna jiran lodin Legas da Anaca da Fatakwal.

Akwai motar da aka gama loda wa kaya, aka ɗaure tamfol, direba ya je ya yi la'asar ya dawo, ba ta motsa ba. Mai kaya na zaune a benci, waya a hannu. Wanda ya sayi albasar yana can kasuwar Mile 12 ta Legas, ya rantse ya tura kuɗi, har hoton rasit ya aiko ta WhatsApp.

"Alhaji, a sallame mu mana, dare na yi," in ji direba.

"Yi haƙuri malam direba. Alat bai shigo ba. In ya shigo ko minti ɗaya ba za ka ƙara ba."

Babu maƙaryaci a cikinsu. Mai yiwuwa ma kuɗin na cikin asusun Alhaji tun kafin a kira salla. Tun 2011 kamfanin NIBSS, wanda Babban Bankin Nijeriya da bankunan kasuwanci suka mallaka tare, ya buɗe hanyar tura kuɗi nan take daga banki zuwa banki, wadda ake kira NIP. In mutumin Legas ya sa lambar asusu, bankinsa zai fara tambayar bankin Alhaji ko lambar ta wane ce, shi ya sa suna yake fitowa kafin a danna. Sannan a cire kuɗi can, a zuba nan. In komai lafiya, cikin 'yan daƙiƙoƙi an gama. Shi kuwa alat, tafiyarsa dabam, hanyarsa dabam, kuma a hanyar tasa akwai wuraren da ake tsayawa a bi layi.

Manyan kamfanoni ba sa barin manhajojinsu su riƙa kiran juna kai tsaye a kan kowane ƙaramin abu. Manhajar da ke riƙe da lissafin asusu aikinta ya fi ƙarfin ta tsaya jiran kamfanin waya ya amsa mata. Sai a girka wata na'ura a tsakani, mai karɓar saƙo ta adana. Aikinta na dillali ne: mai kaya ya sauke a wurinsa ya kama gabansa, mai saye ya zo sa'ad da ya samu sarari, ba sai sun haɗu ba. Kuma ta hanya biyu take raba abin da aka ajiye mata.

Ta farko ita ce layi. Saƙo ya shiga ta baya, ya jira wanda ke gabansa ya fita, kuma mai karɓa ɗaya tak ne zai same shi. Ko da manhajoji ashirin ne suke ɗiba daga layin don aiki ya yi sauri, wanda ɗaya ta ɗauka sauran ba za su gan shi ba. In duk sun mutu, saƙon yana nan a rubuce a faifai har su farfaɗo. Ta biyu ita ce shela. A nan ana buɗe maudu'i, a ce "kuɗi sun shiga asusu", duk manhajar da ke da buƙata ta yi rajista a kansa. In aka saki saƙo ɗaya, kowacce za ta samu kwafinta: mai tura tes, mai tura imel, mai sa waya ta yi ƙara, mai sa ido a kan 'yan damfara. Sharaɗin shela shi ne wanda ba ya nan lokacin da aka yi ta, ta wuce shi, sai fa in rajistarsa mai ɗorewa ce, wadda ake ajiye masa nasa har ya dawo.

'Yan albasa sun san bambancin nan a aikace. Farashin buhu da ake jefawa a zaurukan WhatsApp kowace safiya shela ce, in na jiya ya wuce ka ba ka yi asara ba, na yau ya shafe shi. Kuɗin mota guda kuwa ba a yi musu haka. Dole su isa ga mutum ɗaya, sau ɗaya, ko da za su kwana a hanya. Abin sha'awa, daga kasuwa ma fasahar ta fito. A shekarun 1980 wani injiniya ɗan asalin Indiya, Vivek Ranadivé, ya gina tsarin shela don raba farashin hannun jari ga dillalan Wall Street a Amurka, daga baya ya kafa kamfanin TIBCO. IBM ta fitar da MQSeries, mai aiki da layi, a 1993, bankuna suka rungume ta. A 2003 aka fara tsara ƙa'idar AMQP a bankin JPMorgan, a kanta aka gina RabbitMQ a 2007, sannan LinkedIn ta saki Kafka ga kowa a 2011. Sunayen sun bambanta, tambayar ɗaya ce: wa zai karɓa, yaushe, kuma ta yaya za a san ya karɓa?

A gefen garin Aliero, kan hanyar Sakkwato, akwai jami'ar kimiyya da fasaha da gwamnatin jiha ta kafa a 2006. Da ni ne mai koyar da kwamfuta a can, da ranar da za a yi darasin nan ba a aji za a yi shi ba, wurin lodin albasa zan kwashi ɗalibai.

Jega ba nisa. Gari ne da ya san ciniki tun kafin a haifi banki a ƙasar nan. Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi bayan rasuwar mahaifinsa, a farkon zamanin daular Usmaniyya, ya kuma zama zangon fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro. Yau ma mararraba ce: hanyar Sakkwato, hanyar Birnin Kebbi, da wadda ta gangara Koko da Yawuri duk a nan suke haɗuwa. Ko'ina ka waiga laima ce da teburi da ɗan yaro riƙe da na'urar POS. A wurinsu na fi daɗewa, domin su ne suke shan zafin ɓangaren da ya fi wuya a sha'anin nan, wato karɓa.

Tura saƙo abu ne mai sauƙi. Rigimar tana wurin tabbatarwa. A tsarin layi, na'urar tsakiya ba ta goge saƙo don kawai ta miƙa shi. Tana riƙe da shi har sai mai karɓa ya dawo mata da amsa cewa ya karɓa, ya kuma gama aiki da shi. To a ce manhajar tura tes ta ɗauki saƙon Alhaji, ta aika masa, kafin ta ce "na gama" wuta ta ɗauke ko layin sadarwa ya yanke. Na'urar tsakiya ba ta ji komai ba, a wurinta ba a yi aikin ba, sai ta sake miƙa saƙon ga wata. Ga alat biyu a kan kuɗi ɗaya. In kuma aka ce a goge tun da aka miƙa don gudun maimaici, ranar da manhaja ta mutu da saƙo a hannunta ya tafi ke nan. Dole mai gini ya zaɓi wadda zai iya jurewa: saƙo ya zo sau biyu, ko wani lokaci ya ɓace. A harkar kuɗi kusan kowa na farkon yake zaɓa, sannan ya sa wa kowace hulɗa lamba tata ita kaɗai, don in ta sake dawowa a gane ta a ƙi yin aikin karo na biyu. Doguwar lambar nan mai alƙaluma 30 da ke jikin rasit ɗin tura kuɗi, wadda ba mai karantawa, ita ce. Na lura masu POS da suka daɗe a sana'ar ita suke fara nema in rigima ta tashi, tun kafin su tambayi sunan banki.

Abin da ya fi cin mutane shi ne jiran da ya ƙare ba amsa. Manhajar da ta tura umarni ba ta jira har abada, akwai wa'adin da aka yanka mata. In ya cika shiru, ita kanta ba ta san ko kuɗi sun shiga amsar ce ta maƙale, ko kuwa umarnin ne bai isa ba. Sai ta rubuta wa mai waya wata kalmar Turanci da ke nufin ana nan ana dubawa. Shi kuma yana tsaye gaban mai shago, mutane na kallonsa, kunya ta sa ya sake turawa. Bayan magariba duka biyun su shiga. "An cire bai shiga ba" da "sai an yi ribasal" yanzu maganganu ne da tsohuwar da ba ta taɓa shiga banki ba ta iya. Babban Banki ya sa ƙa'ida tun watan Yunin 2020 cewa in na'urar ATM ta bankinka ta ci kuɗinka a mayar nan take, ta wani banki kada a wuce awa 48, rigimar POS kuwa awa 72. A takarda ke nan. Ga mai tumatir da jarinsa duka bai wuce cinikin yini ba, awa 72 ta isa ta tashi sana'a.

Akwai kuma saƙon da aka miƙa aka sake miƙawa ya ƙi karɓuwa, wataƙila don an rubuta shi ba daidai ba. Ba a barinsa ya tare hanya, ana ture shi wani layi na gefe, inda sai ɗan Adam ya zo ya duba da idonsa. Duk wanda aka ce masa ya je reshe ya cika fom, da alama nasa irin wannan ɗakin ya faɗa. Ni a ganina ba laifi ba ne a yi ɗakin. Laifin shi ne a bar shi ba mai leƙawa sai mai kuɗi ya zo da ƙafarsa.

Mutanen Jega ba su manta farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi. An sanar da sauya fasalin naira a watan Oktoban 2022, tsofaffin takardu suka ɓace, sababbin ba su wadata ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci ranar 3 ga Maris. A tsakanin nan mai goro da mai kifi da mai jaki duk waya suka koma. Layi yana da kyau wajen shanye cunkoson ɗan lokaci, ya tara da rana ya sauke da dare. Amma in masu shiga sun fi masu fita kullum, tsawo kawai zai yi ta ƙarawa. Shi ya sa a kwanakin nan mutum kan ga alat ɗin cinikin Talata ranar Alhamis.

Daga Jega na gangara Maiyama, kan hanyar Koko. Cikin gari sabis ba laifi. Ƙauyukan da ke nesa da kwalta ne labari yake canzawa, a can kuma wani layin ne yake aiki, na kamfanin waya. Tes ba ya tashi daga banki ya faɗa waya kai tsaye. Yana sauka a cibiyar saƙonni ta kamfanin, in waya a kashe take ko ba sabis, a riƙe shi a riƙa gwadawa. Manomi ya yini a fadama, wayarsa na wurin mai caji, da yamma ya kunna, saƙonni su zubo a tare, wani lokaci na baya ya riga na gaba. Kowane saƙo kuma da wa'adinsa. Alat in ya makara yana da sauran amfani. Lambar sirrin nan ta amfani sau ɗaya, wadda ake turowa don a tabbatar da biya, 'yan mintuna ne ranta, in ta iso bayan nan gawa ce. Dattawan da suka ga shirin takin zamani na 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, sun san wannan tun tuni. Ta waya ake sanar da manomi ya je ya karɓi buhunansa a rabin kuɗi, wanda saƙonsa bai same shi ba kuwa sai dai ya ji a bakin maƙwabta.

Wani abu da na gani a Maiyama, na kuma gan shi a Jega, shi ne yadda 'yan kasuwa suka daina zaman jiran a kawo musu. Masu gina manhaja sun san karɓa iri biyu ce: ko ka kafa kunne a turo maka duk abin da ya zo, ko ka tashi ka je ka tambaya. Alat na farkon ne. Buɗe manhajar banki ko danna lambar nan mai tauraro don duba abin da ya rage a asusu shi ne na biyu. 'Yan damfara ne suka koya wa mutane fifikon na biyun, domin tes ɗin bogi mai ɗauke da sunan banki ba wuyar ƙirƙira gare shi ba, hoton rasit kuwa yaro ma zai iya gyarawa. Yanzu mai POS ba ya kallon wayar abokin ciniki ko da za a kai ta hancinsa. Na'urarsa yake kallo, in ta nuna kuɗi sun sauka ya ƙirga, in ba ta nuna ba ya ce, "Baba, ɗan zauna tukuna."

Duk da haka dattawa da yawa ba su yarda su rabu da tes ba, musamman masu ƙaramar waya, su ne kuma suka fi yawa a ƙauyukan. Suna biya. Kuɗin alat naira 4 ne a da, bankuna suka mayar da shi naira 6 a watan Mayun 2025, bayan an ƙara kuɗin kiran waya da data. Ana cirar shidan nan a kan kowane saƙo, wanda ya iso kan kari da wanda ya kwana a layi.