Abin da Baturen fim ɗin Bruce Lee ya koya mini

Kawuna yana da fim guda da ba ya gajiya da kallonsa, wato Enter the Dragon na Bruce Lee, wanda ya fito a 1973. Tun ina firamare nake zama kusa da shi muna kallo. Hankalin kowa yana kan Bruce Lee, ni kuwa akwai wani Bature mai suna Roper a cikin fim ɗin da yake burge ni, ɗan caca ne da bashi ya yi wa katutu, amma ya iya faɗa. Ban taɓa tambayar sunansa na gaskiya ba sai bayan na shiga jami'a, a lokacin da nake cikin ɓacin rai.

Bari in gaya muku dalilin ɓacin ran. A sakandare ni ne na ɗaya a ajinmu shekara uku a jere, har malamai suna kirana Dakta. Da sakamakon JAMB ya fito, makina bai kai na likitanci ba, sai aka ba ni kimiyyar tsirrai. Na karɓa ba don ina so ba. Idan aka tambaye ni abin da nake karantawa, sai in ce "kimiyya" in yi shiru. A zangon farko ko littafi ba na buɗewa, gani nake kwas ɗin bai kai matsayina ba.

Wani dare barci ya ƙi zuwa, na sake kallon fim ɗin kawu a waya, sannan na nemi tarihin Baturen nan. Sunansa John Saxon. An haife shi a Brooklyn ta birnin New York a 1936, asalin danginsa 'yan Italiya ne, sunansa na yanka kuma Carmine Orrico. Tun bai cika shekara ashirin ba kamfanin Universal ya ɗauke shi, ya zama tauraron da 'yan mata ke rububin hotonsa. A 1958 ya samu kyautar Golden Globe ta sabon tauraro. Kowa ya ɗauka shi ke nan, kakarsa ta yanke saƙa.

Sai dai yayin samari ba ya daɗewa a Hollywood. Da shekarun 1960 suka kama, manyan kamfanoni suka rage 'yan wasan da suke riƙe da su, sababbin fuskoki suka fito. A daidai lokacin Italiya tana fitar da finafinai masu arha birjik: na kaboyi, na 'yan sanda, na ban tsoro. Masu shirya su suna neman fuskar Ba'amurke don fim ya sayu a ƙasashen waje. Wasu daraktocin har sunan Turawan Ingila suke ara. Kowane ɗan wasa yakan yi magana da yarensa a gaban kyamara, daga baya a ɗora murya, kusan yadda ake yi wa finafinan Indiya da ake fassara mana da Hausa.

Saxon ya tafi birnin Rum, ya fito a fim ɗin Mario Bava mai suna The Girl Who Knew Too Much, wanda ya fito a 1963, ya taka rawar wani matashin likita. Fim ne marar launi, mai ƙaramin jari. Yau masana fim suna lissafa shi a matsayin na farko a salon da ake kira giallo, wato finafinan kisa mai ɗaure kai. Kalmar tana nufin ruwan ɗorawa da Italiyanci, saboda launin bangon littattafan binciken laifi da ake sayarwa a can. Ƙaramin aikin da wani zai raina, shi ne ya buɗe ƙofar salo guda. A 1982 kuma ya yi Tenebrae tare da darakta Dario Argento.

Ba duka ne suka yi masa daɗi ba. A 1980 ya karɓi wani fim mai suna Cannibal Apocalypse na Antonio Margheriti, a kan sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da wata cuta mai sa su cizon mutane. Daga baya ya bayyana cewa rubutun da aka ba shi fassararsa ba ta da kyau, bai fahimci irin ƙazantar da za a nuna ba sai da aka fara ɗauka, kuma abin ya dame shi ƙwarai. Fim ɗin ya shiga jerin waɗanda hukumomin Ingila suka hana sayar da kaset ɗinsu. Ba na ba ku shawarar ku neme shi, ni ma ban kalla ba. Na kawo shi ne don ku ga cewa karɓar ƙaramin aiki daban, rufe ido a sa hannu a kan abin da ba a karanta ba daban.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne mutumin bai zauna yana jiran tsohuwar ɗaukaka ta dawo ba. Yana zuwa Italiya, yana komawa Amurka. Ya fito tare da Marlon Brando a 1966, da Clint Eastwood a 1972. Karate da ya koya shi ya taimaka masa ya tsaya kusa da Bruce Lee. A 1984 ya zama ɗan sanda, mahaifin Nancy, a fim ɗin A Nightmare on Elm Street. Ya rasu a 2020 yana da shekara 83, bayan ya yi wajen shekara sittin yana aiki. Yawancin masu tuna shi yau, finafinan tsoron nan da aka raina su ne suka sa suke tuna shi.

Washegari na tafi laccar ƙarfe takwas da na daɗe ina gudu. Ba zan ce muku nan take na fara son tsirrai ba, sakamakon zangon farko ma ya riga ya lalace, har yanzu ina faman gyara shi. Amma a zango na biyu na zauna a layin gaba, na fara gane yadda cuta ke kama gero da dawa, abincin da muke ci kullum.

Ƙannena da kuke shirin WAEC da JAMB, ku yi karatu iyakar ƙoƙarinku don ku samu abin da kuke so. Idan kuma aka ba ku wani abu daban, ku duba shi da kyau, ku yi tambaya, ku san me ke cikinsa kafin ku karɓa ko ku ƙi. Ni zango guda na yi asara kafin in gane haka. Yanzu idan kawu ya tambaye ni me nake karantawa, nakan faɗa masa sunan kwas ɗin gaba ɗaya.