Arewa: tsakanin akurki da ramin bodari

Matafiyin da ya baro Doso ya nufi gabas a kan babbar hanya mai lamba 1 ba ya bukatar a gaya masa ya shigo ƙasar Arewa. Daga wajen Kore Mairuwa ƙasa take fara sauya kama. Jajayen duwatsu masu shimfiɗaɗɗen kai suna tsaye kamar ganuwa, a ƙarƙashinsu kuma ga Dallol Mawri, tsohon kwarin da kogi ya bari tun zamani mai nisa, inda har yau ruwan rijiya ba ya da zurfi. Can gaba, kilomita wajen 270 daga Yamai, garin Dogondutsi ya kwanta a gindin dutsen da ya ba shi suna. A shekarar 2011 aka raba tsohuwar gundumar biyu, Tibiri ta samu tata a kudu. Amma daga Matankari zuwa Geceme gida iri ɗaya ne: darni na kara, rumbu bisa duwatsu, turmi, da kaji suna tono a tsakar gida.

Baƙo yakan wuce kajin nan bai dube su ba. Mai gida kansa ba ya lissafa su cikin dukiya, hankalinsa yana ga hatsi da bisashe. Ga uwargida kuwa kaza ita ce asusu. Ita ake kamawa ranar kasuwa idan yaro ya kwanta ciwo, ko sabulu ya ƙare, ko an buɗe lakol ana neman littafi da alƙalami. Ita ake yanka wa baƙon da ya zo ba sanarwa. Kaji kaɗan idan suka yi albarka sukan zama akuya, akuya ta zama tunkiya. A Lugu, garin Sarauniya Mangu wadda ta tari sojojin Voulet da Chanoine a 1899, da Bagaji, garin Baura, masu riƙe da al'adar kakanni suna neman kaza da launinta, fara ko ja ko baƙa, don bukatun gargajiya. Saboda haka wanda ya taɓa akurki a Arewa ya taɓa abu mai nauyi.

Da rana abokin gaba sananne ne: shirwa da shaho, kuma ihun yara ya isa ya kore su. Dare shi ne abin tsoro. Idan gari ya yi tsit, wani ɗan ƙaramin maharbi yakan sauko daga kogunan dutse, ko ya fito daga tsohon suri, ya bi gindin darni yana shinshina. Shi ne bodari, wanda Faransawa ke kira zorille. Baƙi ne wuluk, da ratsin fari huɗu daga ƙeya zuwa gindin wutsiya, da ɗigon fari a goshi da kumatu. Nauyinsa bai cika wuce kilo 1 da ƴan kai ba. Yana da dogayen farata na haƙa a ƙafafun gaba, kuma duk kafar da kansa ya shiga jikinsa ma zai bi. Makaminsa babba yana ƙarƙashin wutsiya, wani ruwa mai ɗoyi da yake fesawa idan an matsa masa, mai sa ido raɗaɗi, mai daɗewa a tufa. A Amurka akwai wata dabba mai irin wannan kama da irin wannan makami, wadda ita ma ke damun masu kiwon kaji a bayan gida, amma masana sun nuna danginsu ba ɗaya ba ne.

Da safe tsofaffin mata sukan karanta ɓarnar dare kamar yadda maharbi ke karanta sawu. Idan kaza ta ɓace ɗungum, sai gashi a bakin darni, ana zargin dila ko muzurun daji. Idan ƙwai ya ragu babu ɓawo, ana neman maciji. Idan kuwa an tarar da ɓawon ƙwai a farfashe, ƴan tsaki a mace da cizo a ka ko a wuya, ga ɗan rami a gindin akurki, ga kuma wari ya cika gida, to ba a tambaya. Bodari ya fi son ƙwai da ƴan tsaki da kazar da ke kwanci, wadda ba ta barin gurbinta. Kwanci guda da ya lalace kuwa kwana 21 ne na jira suka tafi a banza, tare da duk abin da aka ƙulla a kansu.

Ba abin mamaki ba ne bodari ya san hanyar gari. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 370.000 a gundumar Dogondutsi, da wajen 270.000 a ta Tibiri. Gonaki sun ci saura, sun hau har gindin duwatsu, dajin da ke tsakanin ƙauye da ƙauye ya tsuke. Bayan girbi hatsi yana komawa rumbu, ɓeraye su bi hatsi, bodari ya bi ɓeraye. Sau da yawa ba kaza ce ta kawo shi gida ba. Ya zo farautar kusu ne ya tarar da akurki a buɗe.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gidajen da ba su cika kuka da bodari ba, ba wani asiri gare su ba face gini da kula. Akurkin laka mai kauri, wanda aka yi wa tushe da dutse, ya fi ƙarfin faratansa, dutse kuwa ba a sayensa a Arewa. Ƙofa ita ce wurin rauni. Tsumma ko tsohon faifai ba ƙofa ba ne. Ana sa allon katako ko gwangwanin da aka buɗe, a danne da dutse mai nauyi, tun magariba, ba bayan an ci tuwo ba. Kafofin shan iska a yi su sama, ƙanana. Wasu sukan ɗaga akurkin bisa sanduna kamar rumbu, abin da ke hana haƙa daga ƙasa. Mai hali ya sayi ragar waya mai ƙananan ido, ya binne gefenta kamar santimita 30 cikin ƙasa. Sauran aikin na tsintsiya ne: a kwashe ƙwai kafin dare, kada dusa ta kwana a kasko, a nisantar da tarin kara da itace daga wurin kwanan kaji.

Idan bodari ya riga ya yi rami a ƙarƙashin rumbu, ba a toshe shi da garaje, don dabbar da ta mutu a ciki warinta ya fi na mai rai. Ana barbaɗa toka a bakin ramin da yamma. Bayan dare ya yi a haska tocila: idan sawu ya nuna ya fita, sai a cika ramin da duwatsu a shafe da laka. Idan uwa ce mai ƙananan ɗiya a ciki, a ba ta ƴan makonni, za ta kwashe su.

Wanda ya yi kiciɓis da shi ya lura, bodari ba ya fesawa sai ya yi gargaɗi. Yakan gantsare baya, ya ɗaga wutsiya, ya yi ƙara, sannan ya juya. Wannan ne lokacin ja da baya a bar masa hanya. Idan ya rasa mafita yakan kwanta kamar matacce, kuma nan ne yara ke kai hannu su sha cizo. Wanda ruwan ya shiga idonsa ya wanke da ruwa mai tsabta mai yawa. Wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa har tsawon minti 15, ya tafi likita ranar nan, saboda ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba.

Hanya ɗaya ce ta fi kowace muni, ita ce kuma ta fi sauƙi: a zuba maganin ɓera ko na ƙwarin gona cikin ƙwai a ajiye a bakin darni. Guba ba ta zaɓe. Kyanwar gida ta ci, karen maƙwabci ya ci, ungulu ta ci gawar, kajin da ake son karewa su tsattsagi saura, ga kuma yaro mai rarrafe. Nijar tana da dokar 1998 da ta tsara farauta da kare namun daji, kuma ma'aikatan gandun daji suna nan a Dogondutsi da Tibiri ga mai neman shawara. Ko da gubar ta samu wanda aka nufa, riba kaɗan ce. Abincin bodari na kullum ɓeraye ne da fara da ƙwari da ƙananan macizai. Wanda ya kashe shi ya sallami mai gadin rumbunsa, kuma abin da ɓera zai ci daga damina zuwa damina ya fi ƙwai goma.

Ya kamata kuma a faɗi gaskiya: ba bodari ne ke share akurki ba. Annobar kaji ta lokacin sanyi, wadda likitocin dabbobi ke kira Newcastle, takan kwashe kajin unguwa guda cikin ƴan kwanaki, alhali tana da allurar rigakafi mai araha a wurin ma'aikatan kiwo. Uwargidan da ta gyara ƙofar akurki ta manta allura ta yi rabin aiki.

Idan rana ta faɗa bayan duwatsun Dogondutsi, hayaƙin murhu ya kwanta bisa kwari, ana jin mata suna kiran kaji, yara suna kora masu taurin kai. A wani gida an ƙirga su, an tura allo, an mirgina dutse. A gidan da ke kusa an ce sai an jima. Bodari zai bi ta gidajen biyu kafin asuba.