Jaridar Gwamna a Birnin Tashkent

A shekarar 1865 sojojin Sarkin Rasha suka ci Tashkent da yaƙi. Bayan shekara biyar, Gwamna Janar Konstantin fon Kaufman ya ga cewa mulki ba ya tafiya da bindiga kaɗai, sai talakawa sun ji umarni cikin bakinsu. Don haka a 1870 aka soma buga Turkiston Viloyatining Gazeti, wato Jaridar Lardin Turkistan, da rubutun ajami, cikin harshen da yau ake kira Uzbek.

Da farko ƴar rakiya ce ga jaridar hukuma mai fita da Rashanci. Dokoki da sanarwa ne suka cika ta, sai kuma labaran Dare Dubu da Ɗaya da ake sakawa don jan hankalin masu karatu.

A 1883 ta tsaya da ƙafarta, aka damƙa ta ga Nikolai Ostroumov, wanda ya yi karatun aikin mishan a Kazan. Shi ya riƙe ta har ƙarshenta. Mutumin bai taɓa yarda da masu neman sauyi cikin Musulmi ba, amma abin mamaki, a shafukansa suka samu wurin yin magana, domin shekaru da yawa babu wata jarida da harshensu a ƙasar. Mawaƙi Furƙat ya yi aiki a cikinta, ya kuma buga waƙoƙi a kan makarantun zamani da kimiyya. Mahmudhoja Behbudi, jagoran malaman da ake kira Jadid, masu kiran a gyara makarantun allo a haɗa da lissafi da labarin ƙasa, shi ma ya yi rubutu a ciki. Wanda ya san yadda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito daga hannun Turawa a 1939, amma ta zama dandalin ƴan ƙasa, ba zai sha wuyar gane wannan ba. Duk da haka linzami yana hannun edita, abin da bai gamshi hukuma ba, ba ya ganin rana.

Jaridar ta mutu a 1917 tare da sarautar da ta haife ta.

Uzbekistan ta yau tana bikin ranar ƴan jarida kowace 27 ga Yuni, kuma ba jaridar gwamna take tunawa ba. Ranar ce a 1906 Taraƙƙiy ta fito, jaridar ƴan Jadid, wadda hukuma ta rufe cikin ƴan watanni.