Kwana Uku a Beirut, Ido Biyu

Bakano ya san sunan Beirut tun kafin ya san inda take, albarkacin titin Beirut da Kwarorin da suka daɗe suna kasuwanci a garinmu. Ni kuwa fim ne ya kai ni. Na biyo ta Alƙahira, na sauka da la'asar, na kama ɗaki a unguwar Hamra, a wani masauki da janaretonsa ke daidai ƙarƙashin tagata. Wuta na ɗaukewa ya tashi da ruri. Na ce a raina, ashe ban bar gida ba.

Barci ya ce bai san zance ba. Wajen ƙarfe biyu na buɗe labule, sai ga wani dogon bene da ba a gama ba, da injin ɗaga kaya tsaye a kansa kamar shamuwa. Can ƙasa wata 'yar fitila na ci. Nan take na tuna abin da ya kawo ni: fim ɗin Ziad Kalthoum na 2017, wanda sunansa ke nufin ɗanɗanon siminti. Babu ɗan wasa ko ɗaya a cikinsa. Leburori ne 'yan Siriya, suna gina bene a Beirut alhali ana rusa gidajensu a can. Doka ta hana su fita bayan ƙarfe bakwai na yamma, don haka rana na faɗuwa sai su gangara ramin da ke ƙarƙashin ginin, su shimfiɗa katifu, su ƙura wa waya da talabijin ido. Kyamara na matsawa har ka ga wutar bama-bamai tana rawa a ƙwayar idon mutum. Wata murya kuma tana tuna mahaifinta, wanda shi ma ya yi leburanci a Beirut, yana dawowa gida hannunsa na warin siminti. Ban taɓa ganin fim da ya san dare haka ba. Da rana aiki ne ke riƙe da su, da dare kuwa gida ke zuwa ya zauna musu a ƙirji.

Washegari na leƙa Beit Beirut, gidan nan mai launin ƙasa da maharba suka mayar maɓoya a yaƙin basasar 1975 zuwa 1990. An bar ramukan harsashi yadda suke. Ban jima ba. Gidan tarihi bai cika riƙe ni ba.

Shatila, sansanin Falasɗinawa 'yan gudun hijira, ita ce ta riƙe ni. Lunguna ne da mutum biyu ba sa jerawa, wayoyin lantarki sun sarƙe da bututun ruwa a saman kai, rana ba ta isa ƙasa. A irin waɗannan sansanoni mai shirya fim Mohamad Malas ya zaga a 1980 da 1981 yana yi wa Falasɗinawa tambaya ɗaya tak: me kuka gani a mafarki? Kafin ya haɗa fim ɗin aka yi kisan kiyashin Sabra da Shatila a Satumbar 1982, cikin mamatan har da waɗanda ya ɗauka. Sai a 1987 fim ɗin, "Al-Manam", ya fito. Mutanen sun tafi, mafarkansu na nan a faifai.

Daren ƙarshe na haƙura da gado, na sauko tun kafin assalatu. Wani dattijo mai gahawa yana kaɗa 'yan kofuna a bakin benen nan da ba a gama ba. Ya dube ni ya ce, "Ustaz, kai ma ba ka yi barci ba?" Na ce janareto ne. Ya yi dariya, ya zuba mini mai ɗaci, ya ce shi mutumin Homs ta Siriya ne, kuma ba janareto ke hana shi ba. Kafin in shanye, leburori suka fara fitowa daga ƙarƙashin benen ɗaya bayan ɗaya, kowa da hular kwano a hannu.