Yaushe Kauɗa Take Bushewa?

A gidanmu da ke Ƙofar Kibo, kuɗin makarantarmu na zango na uku daga kauɗa yake fitowa. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatirin noman rani ya cika kasuwannin Zariya ya yi araha, Inna kan sayi kwanduna ta yanka ta shanya, ta adana a buhu. Sai damina ta faɗi, ɗanye ya yi tsada, sannan ta sayar. Abu ɗaya ke rusa wannan lissafi: a ɗure kauɗa da sauran laima a cikinta. Funfuna za ta kama ta, ta yi baƙi, jari ya tafi.

Inna da hannu take gwadawa, ta murza ta ji. Amma wani yanki kan bushe ta waje alhali cikinsa da danshi. Shi ya sa da malaminmu na kimiyya ya ce kowa ya kawo aikin gwaji, na zaɓi wannan tambaya: wace na'ura ce za ta faɗa mana gaskiyar laimar da ta rage?

Na farko da na duba shi ne ma'auni mai allura biyu, wanda kafintoci ke soka wa katako. Yana aika lantarki daga allura zuwa allura, domin jiƙaƙƙen abu ya fi busasshe barin lantarki ya wuce. Matsalarsa ita ce don katako aka daidaita shi. Tsami da gishirin da ke cikin tumatir suna canza yadda lantarki ke ratsa shi, ga yankin kauɗa siriri ne, babu inda allura za ta zauna.

Na biyu ƙaramar na'ura ce mai suna DHT22, wadda ake haɗawa da Arduino. Ita laimar iska take aunawa, ba ta tumatir ba. Idan ka ajiye ta gefen shanya a cikin hunturu, za ta nuna maka bushewa ko da yanzu aka yanka tumatirin. Amma akwai dabara: zuba kauɗar a kwalba tare da na'urar, ka rufe tam, ka bar ta wasu awanni. Iskar kwalbar za ta ɗauki laimar kauɗar. Idan ta haura kashi 65 cikin 100, funfuna na iya tsirowa, sai a mayar rana.

Na uku, wanda ya fi ba ni mamaki, sikeli ne kawai. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin 100 nasa ruwa ne. Ke nan a kilo 10, giram 600 ne kawai ba ruwa ba. Idan kana son laima ta sauko zuwa kashi 12, sai ka raba 600 da 0.88, ka samu kusan giram 680. Sai ka ware faranti ɗaya, ka riƙa auna shi kullum da yamma. Ran da ya kusanci wannan adadi, nauyin ya kuma daina raguwa, aiki ya kusa kammala.

Shawarar da na kai wa malam ita ce a haɗa biyu: sikeli lokacin shanya, gwajin kwalba kafin a ɗure buhu. Abin da na koya kuma shi ne, kafin ka sayi kowace na'ura, tambayi kanka me take aunawa a zahiri, domin kowace za ta nuna maka lamba, ko da ba amsar tambayarka ba ce.

'Yan uwana ɗalibai, mangwaro na tafe, kuma yana nuna ne daidai lokacin da iska ta fara ɗaukar laima, shanya ta yi wuya. Ku ari sikeli, ku yanka ku auna, ku rubuta nauyin kowace rana a littafi. Ku tuna ruwan mangwaro bai kai na tumatir ba, don haka lissafinsa daban ne.