Ranar da Na Haɗa Kwamfuta da Hannuna

Ni akawu ne, sana'ata rubutu da lissafi, ban taɓa koyon aikin wuta ba. Amma da na ga aikin ofis duk ya koma kan kwamfuta, sai na yi tanadi na wata 14, na sayo kayanta rarrabe, don ɗan ƙanwata ya ce mini hakan ya fi sayen haɗaɗɗiya sauƙi. Uwargida ta ce, "Malam, kada dai ka zuba kuɗin hatsinmu a rijiya." Na ce ta bar ni da abina.

Bari in bayyana wa mai karatu kayan tukuna. Akwai babban allo, wanda sauran kaya duk a kansa suke zama. Akwai ƙwaƙwalwa, watau firosesa, 'yar aba mai kusurwa huɗu wadda ba ta fi akwatin ashana faɗi ba, ita ke yin lissafi duka. Akwai ram, wasu sanduna biyu masu kama da gajeren rula, inda ƙwaƙwalwa ke shimfiɗa abin da take aiki a kai, kamar teburin akawu. Sa'an nan ga akwatin wuta, mai rage ƙarfin lantarki ya rarraba wa kowa rabonsa.

Ran Asabar da hantsi na shimfiɗa tabarma a zaure na kama aiki. Lokacin kuwa hunturu ne, iska ta bushe, jikin mutum na tara irin wutar nan mai tartsatsi, wadda takan ɓata kayan, saboda haka kullum sai na taɓa ƙarfen akwatin kafin in ɗauki kome. La'asar ta yi na gama, na yi bisimilla na danna maɓalli. Fanka ta juya, amma gilashi baƙi ƙirin. Kai, gabana ya faɗi!

Da hankalina ya komo, sai na tuna yadda muke yi in lissafi ya ƙi daidaita: ba a yage littafi, layi layi ake bi. Na sunkuya na duba, sai ga ƙananan fitilu huɗu a gefen allon, ɗaya ta kama ja, kusa da ita an rubuta CPU, watau ƙwaƙwalwa. Ni kuwa na riga na soka babbar waya mai baki 24, na zaci ita ke ciyar da kome. Ashe ƙwaƙwalwa ba ta cin abinci a wannan akushi. Tana da nata rami mai baki 8 can a kusurwar sama ta hagu, inda wuta mai ƙarfin bolt 12 ke shigar mata, fanka ta kāre shi ban gani ba.

Nan ne na kusa yin ɓarna. Na jawo wata waya mai baki 8 na soka, ta ƙi shiga. Ina shirin tura ta da ƙarfi sai yaron ya yi sallama. Ya ce, "Kawu, tsaya! Wannan ta katin hoto ce. Dubi, tana rabuwa 6 da 2. Ta ƙwaƙwalwa kuwa 4 da 4 take rabuwa." Kama suke yi kamar tagwaye, amma jerin wayoyin cikinsu ya bambanta, shi ya sa aka sassaƙa bakunansu dabam. Da na ci ƙarfinta, da wataƙila allon ya ƙone, tanadina ya bi ruwa.

Muka sa ta gaskiyar, jar fitila ta matsa zuwa wadda aka rubuta DRAM. To, saura ram ke nan. Ramukanta huɗu ne, ni kuwa na jera sandunan a na ɗaya da na biyu, yadda mai hankali zai yi tsammani. Littafin allon, wanda na jefar gefe don girman kai, ya ce a sa su a na biyu da na huɗu in an ƙirga daga wajen ƙwaƙwalwa. Muka kashe wuta, muka sauya. Wannan karon rubutu ya bayyana, sai dai ya nuna gigabait 8, alhali kuwa 16 na biya.

Na ce lalle an cuce ni, gobe da sassafe sai kanti. Yaron ya ce mu gwada su ɗaya ɗaya a rami guda tukuna. Kowacce ta yi aiki lafiya lau. Ashe laifin nawa ne: tsoron karya abu mai tsada ya hana ni dannawa sosai, gefe guda na sandar ya tsaya a sama kamar faɗin farce. Sandar nan tana da haƙora 288, tilas duka su zauna, sai an danna har maƙallin ya ce ƙas. Na runtse ido na danna da manyan yatsuna biyu, na ji ƙas.

Muka kunna, ta ɗan yi jim, sai ga 16 ɓaro-ɓaro. Na aika a kira uwargida. Ta leƙo ta dubi gilashin, ta dube ni, ta ce tuwo ya daɗe da hucewa.